Da wane yare za a rubuta fankishin? Giɓin da ke littafin jagorar PostgreSQL

Nasiru:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai wani giɓi a littafin jagorar PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai, da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina so mu tattauna shi a nan kafin in rubuta faci, wato gyaran da nake so a yi, in tura wa masu aikin.

Duk wanda ya buɗe babin faɗaɗa SQL zai ga an ce fankishin, wato ɗan shirin da ake ajiyewa a rumbun a riƙa kira da suna, iri huɗu ne: wanda aka rubuta da SQL zalla, wanda aka rubuta da ɗaya daga cikin yarukan PL (yarukan rubuta shiri irin su PL/pgSQL), na cikin gida da ke zuwa tare da sabar, sai na C. Can gaba kuma PL/pgSQL da PL/Tcl da PL/Perl da PL/Python kowa da babinsa. Kowane babi ya yi bayanin yarensa tiryan-tiryan, ba ni da ta cewa a nan. Amma tambayar da mutum yake zuwa da ita tun farko, wato "ga aikina, da wanne zan rubuta shi?", ba a ware wuri an amsa ta ba. Abin da ake gaya maka shi ne na SQL ya fi sauƙin rubutawa, don haka da shi za a fara bayani.

Ko sashen da ya lissafa amfanin PL/pgSQL, ku koma ku karanta a natse. Yana gwada shi ne da manhajar da ke waje tana aika tambaya ɗaya, ta jira amsa, ta sake aika wata. Bai gwada shi da fankishin na SQL ba. Sabon shiga sai ya karanta ya ɗauka PL/pgSQL ya fi komai sauri, ya riƙa naɗe SELECT guda ɗaya tak cikin BEGIN da END.

Ga abin da nake son a ƙara: in aikin zai yiwu da SQL zalla, a rubuta shi da SQL. In ana bukatar sharaɗi da zagaye da kama kuskure, a koma PL/pgSQL. In laburaren waje ake bukata, Python ko Perl. C kuwa sai in babu makawa. Me kuka gani?

Kabiru:
Wa alaikumus salam Yaya Nasiru. Wallahi ni wannan layukan huɗun ne nake nema tun da na fara koyo. Duk misalan da nake gani a intanet da LANGUAGE plpgsql suke ƙarewa, har na ɗauka shi kaɗai ake da shi. A tura kawai.

Malam Habu:
A'a Kabiru, kada a yi gaggawa. Nasiru, giɓin da ka nuna gaskiya ne, na yarda. Amma jimlarka ta farko rabin gaskiya ce, kuma rabin gaskiya a littafin jagora ya fi shiru illa, domin mutane za su ce ai littafi ne ya faɗa.

Me ya sa ake cewa fankishin na SQL ya fi sauri? Ba don yaren kansa ba ne. Dalili shi ne mai tsara tambaya, wato ɓangaren sabar da ke zaɓar hanyar gudanar da ita, yana iya narkar da shi cikin babbar tambayar da ta kira shi, ya zama kamar ka rubuta jikin fankishin ɗin da hannunka a wurin. In an narkar, mai tsarawa yana ganin abin da ke ciki, zai iya amfani da fihirisa (jerin da ke saurin kai shi ga layukan da ake nema), zai iya tura sharaɗin WHERE can ciki ya tace layuka tun da wuri. PL/pgSQL kuwa rufaffen abu ne a wurinsa. Bai san me ke ciki ba, sai ya dogara da ƙiyasin da aka ba shi: COST, wato tsadar kira, na 100, in kuma mai dawo da layuka da yawa ne, ROWS, wato yawan layukan, na 1000, sai dai in kai ka canza.

To amma narkarwar tana da sharuɗɗa, kuma ba ƙanana ba ne. In ka sa SECURITY DEFINER, wato ya gudana da ikon mai shi, babu narkarwa. In ka liƙa masa SET don canza wani saiti, babu. In jikinsa ya wuce umarni ɗaya, babu. In mai dawo da ƙima ɗaya ne kuma akwai FROM a cikinsa, babu. In mai dawo da layuka ne ka bar shi a VOLATILE, alamar cewa amsarsa tana iya canzawa, wanda shi ne ake ba ka in ba ka faɗi komai ba, babu. In ka sa wa mai dawo da layukan STRICT, shi ma babu. Kuma ba wani gargaɗi da zai fito ya ce maka ba a narkar ba, sai ka duba EXPLAIN, umarnin da ke nuna tsarin tambaya, da idonka. Wanda ya bi shawararka ya rubuta da SQL amma ya taka ɗaya daga cikin waɗannan, bai samu ribar da ka yi masa alkawari ba.

Nasiru:
Na ji, Malam. Amma ko ba a narkar ba, me ya yi asara? Ai dai ya dawo daidai da wanda ya rubuta da PL/pgSQL.

Malam Habu:
Bai dawo daidai ba, a nan gizo ke saƙar. PL/pgSQL yana ajiye tsarin kowace tambaya da ke cikinsa har ƙarshen zaman haɗin. Sau biyar na farko yana tsarawa da ainihin ƙimomin da aka ba shi, daga nan in ya ga tsari na gama-gari bai fi tsada sosai ba sai ya riƙe shi. Fankishin na SQL da ba a narkar ba kuwa, shekara da shekaru, duk sabuwar tambayar da ta kira shi sai an sake tsara jikinsa daga farko. Saboda haka akwai ayyuka da yawa da PL/pgSQL ne ya fi sauri ƙarara. Sai a siga ta 18, wadda ta fito a Satumban 2025, aka gyara wannan, fankishin na SQL ya fara amfana da ajiyar tsari. Yanzu ka gaya mini, cikin mutanen da ke wannan zauren, nawa ne suka hau 18?

Rabi'atu:
Malam Habu, wannan batun na ƙarshe ni a ganina yana goyon bayan Nasiru ne, ba ya rushe shi. Kowace siga da nata littafin. Wanda ke kan 16 littafin 16 zai karanta, wanda ke kan 18 na 18. In aka rubuta shawarar cikin littafin, za ta riƙa tafiya da sigarta, kuma duk wanda ya canza halin sabar dole ya gyara sakin layin. Matsalar da muke ciki yanzu ita ce shawarar tana warwatse a rubuce-rubucen mutane na shekara goma da suka wuce, babu mai sabunta su, kuma su ne injin bincike ke fara kawo wa su Kabiru. Sharuɗɗan narkarwar ma da ka lissafa, a shafin wiki na aikin aka fi samunsu a jere. Mutum nawa ne ya san da shafin?

Malam Tanko:
Ni ban goyi bayan a ƙara komai ba, kuma zan faɗi dalilina.

Littafin jagora aikinsa ya faɗi abin da kayan ke yi. Da zarar ya fara cewa "wannan ya fi wancan", ya shiga ra'ayi. Su masu kula da PostgreSQL mutane ne masu taka-tsantsan, kuma ina ganin da gangan suka bar wurin. Akwai kamfanin da duk ma'aikatansa Perl suka iya, akwai wanda ya taso daga Oracle da dubban layukan PL/SQL, wanda dama PL/pgSQL kamanninsa ya ɗauko, har sashe guda aka ware kan yadda ake ƙaura daga can. Wane ne zai ce wa waɗannan ga yaren da ya dace da ku? Ban da haka, a waje akwai PL/Java da PL/R da PL/v8 na JavaScript da PL/Rust. In ka ambaci huɗu ka bar saura, masu su za su ce an yi son kai.

Rabi'atu:
Malam Tanko, da girmamawa, littafin ai ya riga ya saba ba da shawara. A babin PL/pgSQL an faɗa ƙarara cewa shiga da fita daga sashen da ke da EXCEPTION ya fi tsada sosai, kada a yi amfani da shi sai da bukata. A shafin CREATE FUNCTION akwai sashe sukutum kan yadda ake rubuta SECURITY DEFINER ba tare da an buɗe ƙofa ga ɓarna ba. Wannan duk shawara ce. Bambancin kawai shi ne shawara ce da ke tsaye kan yadda injin ke aiki, ba kan abin da wani ya fi so ba. Irinta muke nema.

Malam Tanko:
In dai za a tsaya kan yadda injin ke aiki, to da sauƙi. Amma rubutun Nasiru na farko ba haka yake ba, umarni ne.

Isuhu:
Sannunku da aiki. Bari in kawo misali na zahiri, don maganar ta sauko ƙasa.

Muna da rumbun sunayen mutane, wasu an shigar da su da rubutun Nijar, wasu da na Najeriya, wasu kuma da allon da ba shi da haruffa masu ƙugiya. Suna ɗaya sai ka same shi da ƴ, ka same shi da 'y, ka same shi da y kawai. Haka ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b. Mai nema in ya rubuta ɗaya ba ya samun saura. Abin da ya warware mana shi ne wannan:

CREATE FUNCTION saukaka_suna(s text) RETURNS text
LANGUAGE sql IMMUTABLE PARALLEL SAFE
RETURN lower(translate(s, 'ƘƙƊɗƁɓƳƴ''’', 'KkDdBbYy'));

Sai muka gina fihirisa a kan saukaka_suna(suna). Na sa translate kafin lower da gangan, domin in rumbun yana kan tsarin harshe na C, lower ba ya taɓa Ƙ da Ɗ, haruffan ASCII kaɗai yake mayarwa ƙanana. Alamomin biyu na ƙarshe kuma da ba su da abokan musanya, translate share su yake yi.

Abin da nake so ku lura: a wannan aikin, zaɓen yare shi ne ƙaramin abu. Kalmar da ta fi komai nauyi a wurin ita ce IMMUTABLE. Ƙa'ida ita ce sai fankishin ya zama IMMUTABLE kafin a gina fihirisa a kai. Ita kuma PARALLEL SAFE, in ba ka rubuta ba ana ɗaukar fankishin ɗinka a matsayin mara aminci, duk tambayar da ta kira shi ba za a raba ta ga ma'aikatan cikin sabar masu gudana lokaci ɗaya ba. Tun siga ta 9.6 haka yake. To shawarar da ta ce "zaɓi SQL" ta yi shiru kan waɗannan, me ta tsinana wa mai karatu?

Kabiru:
Malam Isuhu, to me zai hana in riƙa sa IMMUTABLE a komai, tunda ita ce mai buɗe ƙofa?

Isuhu:
Kada ka kuskura, ƙanena. Sabar ba ta bincika ko gaskiya ka faɗa, yarda take yi da kai. IMMUTABLE alkawari ne cewa in aka ba fankishin abu iri ɗaya, har abada amsa iri ɗaya zai bayar. Ɗauki wanda ke ciro kwanan wata daga timestamptz, nau'in lokaci mai la'akari da yankin agogo. Abin da ya faru ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare a Yamai ko Kano, a agogon UTC sha ɗaya da rabi ne na jiya. Amsar ta dogara da TimeZone na wanda ya tambaya. In ka yi ƙarya ka ce IMMUTABLE ne ka gina fihirisa, wanda ya shigar da layin da wanda ya zo nema za su iya samun kwanaki daban, layin yana nan amma ba a ganinsa. Babu saƙon kuskure, rahoto ne kawai zai fito da giɓi. Haka kuma ranar da ka canza jikin saukaka_suna, dole ka yi REINDEX, wato ka sake gina ta, don fihirisar tana ɗauke da amsoshin tsohon jiki.

Zainab:
Ni bari in yi magana a madadin Python, don na ga an tura shi can layi na uku kamar baƙo.

Akwai ayyukan da rubuta su da PL/pgSQL azabtar da kai ne. Tantance lambar waya misali: ta Najeriya mai +234, ta Nijar mai +227 da lambobi takwas, ta Ghana, ta Kamaru, kowace da ƙa'idarta, kuma akwai laburaren Python da ya riga ya san duk wannan. Ko lissafin ƙididdiga, ko warware wani fayil mai sarƙaƙiya. Me ya sa zan sake ƙirƙirar abin da aka gama? PL/pgSQL an yi shi ne don ya haɗa umarnin SQL, ba don lissafi mai nauyi ba. Ko x := x + 1 a wurinsa ɗan ƙaramin SELECT ne a ɓoye, ko da yake an rage masa tsada sosai a siga ta 13. Don haka in dai za a rubuta shawara, a faɗi wannan ma: in aikinka lissafi ne ba taɓa tebur ba, PL/pgSQL ba shi ne gwani ba.

Malam Habu:
Gaskiyarki Zainab a kan lissafi. Amma jimlar Nasiru ta uku, "in laburare ake bukata, Python ko Perl", ta ɓoye abin da ya fi komai muhimmanci. Sunan yaren a sabar plpython3u ne, kuma wannan u ɗin na ƙarshe yana nufin ba amintacce ba ne. Tun siga ta 7.4 a 2003 haka yake, domin babu hanyar da za a killace Python a hana shi taɓa abin da ke wajen rumbun. Kod ɗinki yana gudana da ikon asusun da sabar kanta ke gudana da shi, zai iya karanta fayilolinta, zai iya goge su. Shi ya sa mai cikakken iko kaɗai ke iya ƙirƙirar fankishin da shi. Perl da Tcl suna da iri biyu, amintacce da wanda ba amintacce ba, amma amintaccen Perl ba ya barinki ki loda laburaren da kika ga dama, wato ribar da kike nema ta tafi.

Sannan yawancinmu yanzu sabar haya muke amfani da ita, kuma masu ba da haya galibi ba sa ba ka cikakken iko. Sai mutum ya gina komai a kwamfutarsa da PL/Python, ranar ɗorawa ya tarar babu yaren a can. Wannan ya kamata ya zo a layin farko na duk wata shawara: kafin ka zaɓi yare, duba ko inda za ka ɗora yana da shi. PL/pgSQL ne kaɗai ake girkawa kai tsaye a kowane sabon rumbu, tun siga ta 9.0 a 2010.

Zainab:
Na yarda da batun izini. Zan ma ƙara wani abu da ke kama mutane. Bayanan da ke shiga Python sai an juya su. Lambobi suna zuwa a matsayin lambobi, numeric yana zuwa a Decimal, amma kwanan wata da lokaci a matsayin rubutu zalla suke isowa, kai za ka warware su. In fankishin ɗin ana kiransa a kan layi miliyan, wannan juyawar kaɗai kuɗi ce. Kuma kowane haɗi da nasa Python ɗin, kowanne sai ya loda laburaren da kansa. Duk wannan yana cikin babin PL/Python, amma mai zaɓen yare bai kai can ba tukuna, sai bayan ya zaɓa.

Sai dai ina roƙon kada a rubuta shi da salon tsoratarwa. Wanda ke riƙe da sabarsa da kansa, ya san abin da yake yi, PL/Python ni'ima ce gare shi.

Rabi'atu:
Akwai zaɓi na biyar da babu wanda ya ambata, kuma a ganina shi ne littafin ya fi bukatar faɗa: wani aikin bai kamata ya shiga rumbun bayanai ba sam.

Na taɓa gadon wani tsari da aka sa tiriga, wato fankishin mai tashi da kansa in an taɓa tebur, mai aika saƙon tes ga mai biya da zarar an shigar da layin biyan kuɗi. Da Python aka rubuta, yana kiran wata sabar ta intanet. Illa biyu. Ta farko, duk lokacin da hanyar sadarwa ta yi nauyi, shigarwar tana tsaye tana jira, makullan da ta riƙe suna riƙe, sauran masu aiki suna layi. Ta biyu ta fi muni: in wani abu ya faɗi daga baya aka yi ROLLBACK, layin ya ɓace amma saƙon ya riga ya isa wayar mutum. Rumbun yana iya janye abin da ya rubuta, ba ya iya janye abin da ya fita waje. Gyaran da muka yi shi ne tirigar ta rubuta layi a teburin jiran aiki ta yi NOTIFY, wanda ba ya isa ga mai sauraro sai an yi COMMIT an tabbatar da aikin, wata manhaja a waje ta ɗauka ta aika. Tirigar kuma ta koma PL/pgSQL, layi kaɗan.

Kabiru:
Anti Rabi, tirigar ba za a iya rubuta ta da SQL zalla ba? Tunda INSERT ɗaya ne da NOTIFY.

Rabi'atu:
Ba za a iya ba. Fankishin na tiriga ba ya yiwuwa da SQL zalla, littafin ya faɗi haka a babin tiriga. Ka ga wani abin da ya kamata a ce yana wuri ɗaya da sauran. Haka in kana son COMMIT a tsakiyar aiki, ba fankishin kake nema ba, CREATE PROCEDURE kake nema, wanda ya zo a siga ta 11 a 2018. Haka in sunan teburin ne ke canzawa, sai EXECUTE na PL/pgSQL.

Malam Habu:
Tunda Isuhu ya yi amfani da RETURN ba tare da alamar dala ba, bari in tsaya a kai, don ina ganin nan ne shawarar za ta fi amfani.

Tun siga ta 14 a 2021, fankishin na SQL yana da salo biyu. Tsohon salo, jikin rubutu ne kawai a tsakanin $$ da $$, ana ajiye shi yadda yake, a warware shi lokacin kira. Sabon salo, da RETURN ko BEGIN ATOMIC, ana warware shi tun ranar ƙirƙira. Amfanin biyu ne. Sabar ta san teburin da fankishin ya dogara da shi, in ka zo goge teburin za ta hana ka. Da tsohon salo ko PL/pgSQL, gogewar za ta wuce lafiya, sai ranar da aka kira fankishin ya fashe. PL/pgSQL ma a ranar ƙirƙira nahawu kawai yake dubawa, in ka yi kuskuren sunan tebur a reshen IF da ba a cika shiga ba, zai iya kwana a wurin wata da watanni. Saboda wannan ne Pavel Stěhule ya rubuta plpgsql_check, kayan aikin da ke kama irin wannan kuskure tun da wuri.

Amfani na biyu ya shafi search_path, jerin wuraren da sabar ke neman sunan tebur ko fankishin. Tun matsalar tsaron da aka bayyana a 2018, ana ta gaya wa mutane su ɗaure search_path a fankishin ɗinsu. Amma na faɗa a sama, SET yana hana narkarwa. Wato shawarar tsaro da shawarar sauri suna karo, kuma mai karatu ba ya sani. Sabon salon ya raba gardamar, domin sunayen an riga an ɗaure su tun farko, ba ka bukatar SET, kuma ana iya narkar da shi. A siga ta 17 ma an sa CREATE INDEX da REINDEX da ire-irensu su riƙa gudana da taƙaitaccen search_path, don haka fankishin na tsohon salo da ke kiran wani ba tare da cikakken suna ba zai iya faɗuwa a wurin. Iyakarsa dai, sabon salon ba ya karɓar nau'i irin anyelement, mai ɗaukar kowane irin bayani.

Malam Tanko:
To kun gani? Daga layi huɗu mun kai shafi uku. Abin da nake gudu ke nan. Wa zai kula da wannan duka?

Nasiru:
Ba sai an kwafe komai ba, Malam Tanko. Kusan duk abin da aka faɗa yana cikin littafin, a warwatse. Abin da babu shi ne mahaɗa. Ga yadda na sake shi bayan jin ku, ba umarni ba, tambayoyi ne da mai karatu zai yi wa kansa, kowace da mahaɗi zuwa sashen da ya yi cikakken bayani:

Shin yaren yana nan a inda za ka ɗora, kuma kana da izinin amfani da shi? A nan a faɗi bambancin amintacce da wanda ba amintacce ba. Shin aikin yana yiwuwa da yaren? Tiriga, kama kuskure da tambayar da ake haɗawa lokacin gudu ba sa yiwuwa da SQL zalla. Shin kana son mai tsarawa ya ga cikin fankishin ɗin? SQL kaɗai ake narkarwa, ga sharuɗɗan, ga yadda ake tabbatarwa da EXPLAIN. Shin aikin lissafi ne ko taɓa tebur? A nan a ambaci tsadar juya bayanai. Sai jimla ɗaya cewa ko wane yare ka zaɓa, alamar VOLATILE ko STABLE ko IMMUTABLE da ta PARALLEL suna iya fin zaɓen yaren tasiri. Ban ambaci yarukan waje da suna ba, sai dai a ce tambayoyin sun shafe su su ma.

Isuhu:
Wannan ya fi. Amma ina C? Ka cire shi gaba ɗaya.

Malam Habu:
A mayar da shi, da gargaɗinsa. C ya fi kowa sauri, shi ya sa COST ɗinsa 1 ne ba 100 ba, kuma da shi ake rubuta sabbin nau'o'in bayanai irin na taswira da ke cikin PostGIS. Amma yana gudana ne a cikin jikin sabar. In ya taɓa ƙwaƙwalwar da ba tasa ba ya faɗi, ba haɗinka kaɗai zai mutu ba, uwar sabar za ta katse kowa da kowa ta sake tashi ta yi gyaran kanta. Kuma duk babbar siga sai ka sake harhaɗa shi, ga shi kowace shekara ake fitar da sabuwa. Wanda zai rubuta C ya riga ya san wannan, jimlar don wanda ke tunanin farawa ce.

Zainab:
Batun Rabi'atu fa, na aikin da ke fita waje? Ban gan shi cikin tambayoyin ba.

Nasiru:
Na yi ta juya shi. Tsorona kada a ce ya fita daga batun zaɓen yare ya shiga tsara manhaja, a ƙi facin duka saboda shi.

Rabi'atu:
Ka sa shi ƙarƙashin tambayar farko, inda ake maganar yarukan da ba amintattu ba. Su ne ke iya taɓa waje kai tsaye, don haka wurinsa ne. Jimla ɗaya ta isa: abin da fankishin ya yi a wajen rumbun, ROLLBACK ba ya janye shi. Wannan bayanin halin injin ne, ko Malam Tanko ba zai kira shi ra'ayi ba.

Malam Tanko:
Wannan jimlar ba ni da ja a kanta. Inda har yanzu nake da ja shi ne tambaya ta uku. In ka rubuta sharuɗɗan narkarwa a littafin, sun zama alkawari, gobe in masu aikin suna son canza su sai a ce sun karya abin da aka rubuta. Ina zargin dalilin da ya sa suka zauna a wiki ke nan. Ka shirya jin wannan daga bakinsu.

Malam Habu:
Sai a rubuta manyan guda huɗu kawai, SECURITY DEFINER da SET da umarni fiye da ɗaya da rashin dacewar alamar VOLATILE, a ce akwai wasu, kuma suna iya canzawa daga siga zuwa siga. Nasiru, fayil ɗin xfunc.sgml ne a cikin doc/src/sgml, sashen farko inda aka lissafa iri huɗun nan, sai ka sa mahaɗi daga xplang.sgml. Kafin ka tura, ka gwada misali ɗaya a 17 da 18, na SQL da ba a narkar ba da takwaransa na PL/pgSQL, ka haɗa da sakamakon EXPLAIN ANALYZE, domin abin da za su fara tambayarka ke nan.

Nasiru:
Ina da 17 a hannu, 18 ce ban girka ba. Isuhu, kai da ke da teburin sunaye mai yawa, za ka iya gudanar da gwajin a ɓangarenka in na turo maka rubutun? Ba na bukatar bayanan, lokutan kawai.

Isuhu:
Turo. Amma ka sa nau'i uku, har da wanda aka liƙa wa SET search_path, don a ga abin da Malam Habu ya faɗa da lambobi. Zan gudanar a kwafin gwaji bayan an tashi daga aiki, in sha Allahu.